Tabawa da Kwaɓin Birnin Gaushi

Tun zamanin da ba a san yis na kanti ba, lokacin da hanyoyin mutane da na aljanu ba su gama rabuwa ba, an yi wata mata mai suna Uwale a garin Gangaren Kuka, wadda ba ta da sana'a sai gurasa. Gurasarta kuwa ko maƙiyi ya ci sai ya yaba. In ka yaga ta sai ka ga cikinta duk ƙofofi kamar saƙar zuma. Asirin abin yana cikin wata 'yar baƙar tukunya da ta gada daga kakarta, wadda ke ɗauke da wani tsohon kwaɓi mai ƙamshin tsami. Uwar kwaɓi suke ce masa. Kullum sai an ba shi garin alkama da ruwa mai ɗumi, in za a yi gurasa a ɗebi kaɗan a cuɗa da sabon kwaɓi, a rufe, a jira ya tashi.

Uwale na da 'ya ɗaya tilo, Tabawa. Yarinyar ta iya cuɗa kwaɓi, amma ba ta iya jira ba. Kullum tana ɗaga faifai tana leƙawa, kullum uwarta na dukan hannunta.

"Rufe min kwaɓi, sarkin gaggawa! Sau nawa zan gaya miki akwai masu rai a cikin nan? Ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. Zaƙin da ke cikin gari suke ci, su fitar da numfashi, numfashin ne ke kumbura kwaɓi. Sanyi ya sa su barci, ɗumi ya tashe su, zafi ya kashe su. In kin iya da su kin iya gurasa."

Wata rana da hantsi, Uwale ta sunkuya cikin tanderu za ta manna gurasa, sai wani hannu ja wur kamar ƙarfen maƙera ya fito daga cikin garwashi ya damƙe ta a dantse. Nan take fatar wurin ta yi ƙauri. Uwale ta ƙwalla ƙara. Tabawa ta yi tsalle ta riƙe ƙafafunta, ana ja tana ja, har sai da wata murya ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, bangon gidan ya tsage.

"Ya ke 'yar Adam, sakar mana ita! Sarki Balbal na Birnin Gaushi ya rantse ba zai ƙara cin gurasa mai tauri ba, an kuwa gaya masa uwarki ce gwana. In kwaɓinta ya tashi, za ta dawo miki. In bai tashi ba, tanderunmu ya fi naku faɗi."

Aka fizge Uwale, aka bar Tabawa da takalmi ɗaya a hannu.

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Tana ɗaga kai sai idonta ya faɗa kan baƙar tukunyar a gindin rumbu. Sun ɗauki gwana sun bar abin gwanintar. Ba uwar kwaɓi, ko Inna za ta shekara tana cuɗawa, dutse za ta gasa musu.

Tabawa ta ɗaure tukunyar a cikinta da zani, ta rataya 'yar jakar gari, ta ɗauki taɓarya. Ta kwara ruwa a tanderun, da hayaƙi ya lafa sai ga rami baƙi ƙirin a ƙasansa. Ta yi bisimilla ta faɗa.

Ba ta dira ko'ina ba sai bakin wani kogi mai ruwa fari fat, wanda sanyinsa ke tashi kamar hayaƙi. Babu jirgi, babu gada, sai sawun ƙafafu masu ƙuna da suka nufi ɗaya gaɓar. Ta ɗora tukunyar a ka ta shiga. Ruwan ya kama ta kamar an soka mata wuƙaƙe. Tana kaiwa tsakiya wasu kifaye masu haƙora kamar basilla suka yo mata caa, suna yagar naman ƙaurinta. Hannu ɗaya na riƙe da tukunya, ɗayan na sara da taɓarya, ruwan da ke kewaye da ita ya koma ja. Wani babba ya kafa haƙora a cinyarta ya ƙi saki, haka ta fito da shi gaɓa, ta take kansa da dutse har ya fashe.

Ta buɗe tukunyar. Kwaɓin ya lafe, ya yi sanyi kamar gawa, ko ƙwayar kumfa ɗaya babu.

"Wayyo Inna, na kashe miki shi," in ji ta.

Amma ba ta iya jefar da shi ba. Ta manna tukunyar da fatar cikinta, ta ɗaure, ta ci gaba da tafiya tana ɗingishi. Can da jikinta ya ɗumama ta, sai ta ji wani ɗan ƙus-ƙus kamar ɓera a rumbu. Ta leƙa, ga kumfa ƙanana suna fashewa a sama. Ashe masu ran nan barci suka yi. Ta ba su gari ta yi hamdala.

Daga nan ta shiga wani fili mai zafi, ba itace ba ciyawa. Kwaɓin ya ji ɗumi ya tashi da ƙarfi har ya ɗaga murfi, ƙamshin tsaminsa ya bi iska. Ba a jima ba sama ta yi duhu. Wasu ƙudaje ne, kowanne ya kai ungulu girma, da jajayen idanu kamar gauta. Na farko ya sauko ya yage mata kafaɗa. Ta kai masa taɓarya, cikinsa ya fashe, wani ruwa mai wari ya wanke mata fuska. Ta kashe na biyu, ta karya fiffiken na uku, amma sai ƙaruwa suke, suna ture ta suna neman cikinta. A nan ta gane ba namanta suke so ba, tukunyar suke bi. Ta rufe ido ta cusa hannu, ta gutsuro rabin kwaɓin kakar uwarta, ta wurga shi iya ƙarfinta. Gaba ɗaya suka juya suka rufa a kansa, suna cizon juna, kawuna da fukafukai na zubowa kamar ganye. Ita kuwa ta toshe bakin tukunya da ɗankwalinta ta ranta a na kare.

Ta yi ta tafiya har garin jakarta ya ƙare. Kwaɓin ya ji yunwa ya faɗa, wani ruwa mai duhu ya taru a kansa, warinsa na hawa ka. A wannan hali ta iso wata ƙofar ƙarfe a gindin dutse. A bakinta wani ƙato ne zaune, kansa na tagulla, gemunsa na sarƙa, kewaye da shi ƙasusuwa sun yi tsibi.

"Aminci ga mai tsaron ƙofa," in ji Tabawa.

"Aminci ba ya wuce nan, ya ke ƙaramar halitta. Doka ɗaya gare ni. Mai son shiga Birnin Gaushi sai ya shayar da ni abin da ban taɓa sha ba. Na sha madara, na sha zuma, na sha narkakken ƙarfe. Wanda ya kasa, in sha jininsa, ko da yake shi ma ya gundure ni."

Ya miƙo hannu ya ɗaga ta da wuya kamar 'yar kaza. Numfashinta na shirin ɗaukewa ta nuna masa cikinta. Ya sauke ta. Ta tsiyaye masa baƙin ruwan nan a tafin hannu. Ya lasa, ya sake lasa.

"Wannan fa? Fitsarin wace dabba ce?"

"Ranka ya daɗe, abin da masu rai suka bari ne bayan sun cinye abincinsu."

Ashe ruwan ya hau masa ka kamar giya. Ƙaton ya fashe da dariya, ya miƙe zai taka rawa, ƙafafunsa suka harɗe. Ya tafi taga-taga ya gwara kansa da ƙofar, ƙarfe ya tsage gida biyu, shi kuma ya zube yana minshari. Tabawa ta tsallake gemunsa ta shige.

Birnin Gaushi ba sama aka gina shi ba, ƙasa aka haƙa shi, kamar wani ƙaton tanderu mai hawa-hawa. A al'adarsu, gwargwadon girmanka gwargwadon zurfin mazauninka, don a ƙasa wuta ta fi kusa. Bayi, waɗanda duk 'yan Adam ne da aka sato, su ke can sama bakin rami. Ƙasa da su talakawan aljanu, sai dakaru, sai fadawa, sai can ƙarshen zurfi inda Sarki Balbal ke zaune. Kowane aljani da harshen wuta a tsakar kansa. A gefen matakala kuwa an kafa mashi jere, kowane mashi da kan mutum. Wani tsohon bawa ya raɗa mata cewa duk kawunan masu gurasa ne da suka kasa gamsar da sarki.

Dakaru suka ja ta har gaban sarki suka kifa ta. Da ta ɗaga ido sai ga Inna a gefen karaga, ta rame, wani jibgegen aljani da ake kira Hauni, mai zartar da hukuncin kisa, yana riƙe da dantsenta.

"Tabawa? Uban wa ya aiko ki nan?" in ji Uwale. Sai ta hangi tukunyar, hawaye suka zubo mata.

Sarki Balbal ya yi magana, zafin bakinsa ya ƙone wa Tabawa gira.

"Ya ke baƙuwa, tsohuwar nan ta ce ba ta da abin aiki. Ke kin zo da shi?"

"Na zo da shi, ranka ya daɗe. Sai dai ya galabaita a hanya. Sai na yi jinyarsa."

"Yi jinyarki. Amma ki sani, duk safiyar da ta waye ban ci gurasa mai laushi ba, Hauni zai ɗauki yatsa ɗaya daga hannun uwarki. In haƙurina ya ƙare kafin yatsunta, ga tanderu can."

Aka ba ta gari da ruwa, aka kai ta wani lungu a hawan bayi. Tabawa ta dubi ɗan abin da ya rage a tukunya, ta tuna yatsun Inna, sai zuciyarta ta ce mata: in ɗumi na tashe su, ai ruwa mai zafi zai fi saurin tashe su. Ta juye kwaɓin a ƙwarya, ta kwara masa ruwan da ke tururi, ta cuɗa, ta rufe. Ta jira, ta jira. Kwaɓi ya kwanta lakaf kamar talgen da ya huce.

Da safe aka sauko da ita ta gani da idonta. Hauni ya kama ƙaramin yatsan Inna na hagu tsakanin farcensa biyu, ya matse, yatsan ya ƙone ya faɗi ƙasa kamar guntun gawayi. Uwale ta ciji leɓe har jini ya fito. Da ta samu numfashi sai ta juyo kan 'yarta.

"Ruwan zafi kika sa, ko? Kalle ni nan! Na san fuskarki."

"Inna, sauri nake..."

"Saurin uwaki! Ga saurinki nan a ƙasa. Ɗumin nonon da aka tatso yanzu, shi na koya miki. Kin wanke tukunyar?"

"A'a."

"To Allah ya so ki. Kankare abin da ya manne a gefenta ki fara daga nan. Kuma kar ki ƙara kallon hannuna, kwaɓinki za ki kalla."

Haka aka yi. Ta kankaro ɗan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ba shi gari kaɗan da ruwa mai ɗumi, ta zauna ta harɗe hannuwa don kar su ɗaga faifai. Da ya yi kumfa ya ninka, ta ƙara masa. Ya sake ninkawa, ta sake ƙarawa. Safiya na wayewa, tana jin ihun Inna daga ƙasa, tana toshe kunne tana cuɗa kwaɓi da hawaye.

Ran da ƙwaryar ta cika ta yi tozo, kwaɓi na rawa kamar cikin jariri, Tabawa ta sauka da ita a guje. Fadawa suka yi ta mamaki. Ta nufi tanderu, sai wani bafade ya tare ta da mashi.

"Ina za ki, marar tarbiyya? Ba a gasa abincin fada sai sarki ya sa masa albarka."

Sarki Balbal ya miƙo hannunsa ja wur, ya ɗora a kan kwaɓin. Aka ji cuuu. Tozon ya faɗa, ƙwaryar ta tsage, abin da ya rage sai wani baƙin dunƙule mai tauri. Sarki ya ɗauka ya gatsa, ya tofar.

"Irin na sauran! A gabana yake mutuwa kullum. Ku 'yan Adam maƙaryata ne."

Tabawa ta buɗe baki za ta ce hannunka ne, sai Inna ta yi wani tari mai ƙarfi, ta nuna mata wani kai a kan mashi mafi kusa. Bakinsa a buɗe yake, ba harshe a ciki. Tabawa ta haɗiye maganarta. Ta dubi baƙin dunƙulen, ta tuna yadda in gurasa ta yi kauri bayanta ke ƙonewa cikinta na nan ɗanye. Sai ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, laifin namu ne. Albarkar sarki irinka ta fi ƙarfin ƙwarya. Ai ba a zuba kogi a moɗa. A ba ni kwaɓin da ya kai girman hannunka."

Wutar kan sarki ta yi sama don jin daɗi.

"Wannan ta fi uwarta hankali. Me kike so?"

A bayan karaga akwai wani babban tafki na dutse da ba ruwa a ciki. Shi ta roƙa, da duk garin alkamar da ke rumbunan birnin, da bayi masu cuɗawa, don hannunsu ne kaɗai ba ya ƙuna. Sa'arta ɗaya, ta bar ragowar uwar kwaɓi a tukunya. Daga tukunya ta ciyar da shi ya cika ƙwarya, daga ƙwarya ya cika komi irin na shayar da shanu, daga komi ɗaya ya cika komaye. Ba ta gaggauta ba ko sau ɗaya. Kafin ta gama, hannun hagun Inna ya zama dungu.

Wata safiya Hauni ya kama hannun dama, sai sarki ya ɗaga masa yatsa.

"Bar shi. Na gaji da guntu-guntu. Yau kafin rana ta karkata in ci gurasa, in ba haka ba a jefa tsohuwar gaba ɗaya, 'yar tana kallo."

Aka juye gari a tafki, aka juye komaye, bayi suka shiga suna cuɗawa da ƙafa har gwiwa. Tsohon bawan nan ya jawo buhunan gishiri. Tabawa ta tsaya tana kallonsu. Gishiri shi ne linzamin kwaɓi, shi ke sa masu ran nan su ci a hankali. Ita kuwa yau ba ta da lokacin hankali.

"Baba, mayar da shi. Kawo zuma."

Suka tuttula tulunan zuma. Da aka gama, Sarki Balbal ya taso da kansa ya ɗora tafinsa a tsakiyar kwaɓin. Wurin ya yi cuuu, ya ƙone daidai faɗin hannunsa. Amma kwaɓin ya yi zurfi, zafin bai kai ciki da ƙarfinsa ba, sai ya bazu a hankali ya zama ɗumi, irin wanda masu ran ke so. Aka rufe tafkin da tabarmi. Tabawa ta ji iska na shigowa ta wasu ramuka a bangon fada, ta roƙa a toshe su, don a gidansu ba a barin iska ta bugi kwaɓi. Aka toshe. Sannan aka kora ta sama wurin bayi, tunda ba ta da matsayin zama a ƙasa. Sarki da fadawa da dakaru suka zauna jira, Inna na gefen karaga a hannun Hauni.

Daga bakin ramin Tabawa ke leƙe. Da farko shiru. Can sai tabarmin suka fara motsi. Suka yi tozo, suka zame, farin kwaɓi ya bayyana yana hawa, yana huci kamar garken shanu. Kumfa manya kamar tulu suna tasowa suna fashewa. Fadawa suka ɗau kirari, sarki na dariya.

Sai ta lura da wani abu. Wutar kan wani bafade da ke zaune dab da tafkin ta koma shuɗiya, ta ƙanƙance, ta yi fir-fir ta mutu. Bafaden ya kife, ya zama gawayi. Na kusa da shi ma haka. Numfashin kwaɓin ne. Ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa, ga shi an toshe masa mafita. Kuma wuta ba ta rayuwa a cikinsa.

"Wane ne ke kashe min fadawa?" Sarki Balbal ya daka tsawa.

A Birnin Gaushi kuwa in sarki ya yi tsawa, kowa faɗuwa yake ya kifa goshi a ƙasa. Fadawa suka zube gaba ɗaya, suka tsoma kawunansu cikin abin da ba su gani, wutarsu ta mutu jere kamar an hure fitilu. Waɗanda suka gane suka ruga matakala. Amma doka ta hana kowa hawa sama da mazauninsa sarki na zaune, don haka dakaru suka tare su da takubba. Aka kaure. Ana sare kawuna, tartsatsi na tashi maimakon jini, wanda aka sara ya gangara ƙasa ya mutu, wanda ya sara shi ma numfashin ya cim masa a inda yake tsaye. Ihu ya cika ramin.

Sarki Balbal ya miƙe, wutarsa ta ragu ta koma kamar ta aci-balbal. Ya zare takobi ya fuskanci kwaɓin, wanda yanzu ya fi shi tsawo.

"Ya kai baƙon dodo, ni ne Balbal, ban taɓa durƙusa wa kowa ba!"

Ya tsarge shi tun daga sama har ƙasa. Duk numfashin da ke tsare a ciki ya fito lokaci ɗaya ya buge shi a fuska. Ya yi baƙi a tsaye, takobi a hannu. Kwaɓin ya gangaro ya bi ta kansa, aka ji ƙasusuwansa na ƙaras-ƙaras.

Tabawa ba ta tsaya kallon wannan ba. Inna ta hango, kanta ya langaɓe, Hauni ya zama gawayi amma hannunsa na nan damƙe da dantsenta, ga kwaɓi na matsowa.

"Kar ki sauka, 'yata! Abin da ya kashe wuta zai kashe mutum!" in ji tsohon bawan.

Ta ja iska ta cika ƙirji, ta ɗauki taɓarya ta gangara. Tana tsallake gawawwaki, suna rugujewa a ƙarƙashin ƙafarta. Idanunta na yaji, kunnuwanta na ƙara. Ta isa. Ta ja Inna, hannun Hauni ya ƙi saki. Ta ɗaga taɓarya ta sauke a wuyan hannun, ta sake, ta sake, sai a karo na ƙarshe ya tarwatse. Kwaɓi ya riga ya kama ƙafafun Inna ya shafe mata fuska. Tabawa ta fizgo ta, ta saɓa ta a baya, ta kama hawa.

Ƙirjinta kamar zai fashe. A tsakiyar matakala ta kasa, ta buɗe baki ta ja, ba ta ji ta ja komai ba. Duniya ta juya mata. Ta faɗi a gwiwa, ta ci gaba da rarrafe, kwaɓi na lasar dugaduganta. Ta ga baƙi, ta ga fari. Sai ta ji wani abu ya faɗo mata a ka. Bayi ne suka ƙulla zannuwansu da rawunansu suka zuro. Ta naɗe hannu a ciki, ɗayan hannun na riƙe da Inna, aka ja su suna gurzar dutse har bakin rami.

Da iska ta dawo mata, ta juya kan uwarta. Uwale na kwance ba motsi, leɓunanta sun yi shuɗi.

"Inna! Inna, ki tashi! Ya tashi fa, wallahi ya tashi, ki buɗe ido ki gani!"

Shiru. Tabawa ta share mata kwaɓin da ya toshe hanci, ta hura mata iska a baki, ta dasa hannuwa biyu a ƙirjinta tana dannawa tana saki. Bayi sun kewaye su, wasu har sun fara salati. Tsohon ya dafa kafaɗarta ya ce ta yi haƙuri, ta ture hannunsa ta ci gaba. Hannuwanta suka gaji, ba ta daina ba.

Can sai Uwale ta yi wata irin shaƙuwa, ta yi tari, ta yi tari, ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon sama. Sannan ta fito da harshe ta lashi ɗan kwaɓin da ya rage a leɓenta. Ta yamutsa fuska.

"Tabawa."

"Na'am, Inna!"

"Wace jakar ce ta yi kwaɓi ba gishiri?"

Tabawa ta faɗa jikin uwarta, tana kuka tana dariya. Uwale ta ɗaga dungun hannunta ta duba, ta juya shi, sannan ta ɗora shi a kan 'yarta.

"To ya isa, kar ki ƙarasa ni. Goya ni mu tafi gida. Ni dai na gama cuɗa kwaɓi a duniya, saura ke."